Daren da na jefa kwaba a murhu

Har yau in na ji ƙaurin roba sai gabana ya faɗi.

A nan Ireland ta Arewa, wajen kashi biyu cikin uku na gidaje da kananzir ake ɗumama su. Tanki na bayan gida, mota ta zo ta zuba. A Maris ɗin 2022, bayan Rasha ta afka wa Yukren, lita ta haura fam ɗaya. Na ce bari in jira ya sauko. Ina nan ina jira tanki ya ƙafe ƙaf a daren wata Asabar, injin ɗumama gidan ya zuƙi iska, ya mutu.

Wannan duk mai sauƙi ne. Abin da ke cina shi ne kwabar.

Wata tsohuwar kwaba ce a gareji. Na sa guduma na farfasa ta, na cika murhun falo, wanda tun shigarmu gidan ba mu taɓa hurawa ba. Uwargida ta ɗaga guntu ɗaya ta jujjuya, ta ce, "Baban yara, anya wannan itace ne?" Na ce ni da na tashi ina jin ɗumi da kara a hunturun Funtuwa za a koya wa wuta?

Ashe garin katako ne aka matse da gam, aka lulluɓe da leda mai zanen itace. Hayaƙi baƙi ƙirin, ido na raɗaɗi, maƙogwaro kamar an zuba barkono. Ga bututun hayaƙin sheƙar tsuntsu ta toshe shi, ban duba ba. Na'urar gano iskar kabon monoksaid ta ɗau kuka, muka kwashi yara cikin bargo muka fita tsakar sanyi.

Mai share bututu da ya zo ya ga ragowar kwabar, kai kawai ya girgiza. Ya ce gara ma wannan: tsohon fenti na iya ɗauke da dalma, katakon shinge da aka jiƙa da magani kuwa har guba yake bari a toka.

Na biya shi, na biya mai cire iska daga injin, na sake fentin falo, sannan na sayi kananzir ɗin a tsadar da na guda. Garin neman gira!

Yanzu duk Juma'a sai na zura sanda a tanki. Uwargida kuwa, ko kujera ce ta karye, sai ta ce, "Baban yara, a kawo guduma?"