Kunne mai zubar da mugunya: inda magani ke tsayawa, inda tiyata ke farawa

Ba kowane kunne mai tsiyaya ne ke bukatar wuƙa ba, amma akwai wanda ko shekara goma aka yi ana ɗiga masa magani ba zai warke ba, kuma kowane wata da ya wuce ɓarna ce ake ƙarawa. Rarrabe waɗannan biyun shi ne babban aikin likitan kunne, hanci da maƙogwaro, kuma yana da kyau mara lafiya ma ya san yadda ake rarrabe su.

Daga bakin kunne zuwa dodon kunne rami ne mai tsawon kusan santimita 2.5. Dodon kunnen kansa tantani ne wanda faɗinsa bai wuce santimita 1 ba, kaurinsa kuma kusan kashi ɗaya cikin goma na milimita. A bayansa akwai ɗan ɗaki mai iska, shi ne kunnen tsakiya, inda ƙananan ƙasusuwa uku suke sarƙe da juna: guduma, maƙera da likkafa. Likkafar nan, mai tsawon kusan milimita 3, ita ce ƙashi mafi ƙanƙanta a jikin ɗan Adam. Su ukun ne ke ɗaukar motsin dodon kunne su miƙa shi ga katantanwa a kunnen ciki, inda sauti ke komawa saƙon jijiya. Iskar ɗakin tana zuwa ne ta wani bututu da ya taso daga bayan hanci. Ta baya kuma ɗakin yana haɗe da ƙashin bayan kunne, wanda cikinsa ramuka ne kamar saƙar zuma. Maƙwabtan wannan wuri su ne abin tsoro: jijiyar da ke motsa fuska ta ratsa ta cikinsa, rufinsa ɗan siririn ƙashi ne da ya raba shi da ƙwaƙwalwa, ga babbar hanyar jini a baya, ga sashen da ke daidaita tsayuwar mutum a gefe.

Kusan duk matsalolin kunnen tsakiya daga bututun nan na bayan hanci suke farawa. A yara gajere ne kuma a kwance yake, shi ya sa mura kaɗan sai ta hau kunne. Idan ruwa mai yauƙi ya taru a bayan dodon kunne ba tare da ciwo ba, yaro zai riƙa ƙara sautin talabijin, ana kiransa ba ya juyowa, maganarsa na jinkiri. Akan jira wata 3, domin galibi ruwan na janyewa da kansa. In bai janye ba kuma gwajin ji ya nuna raguwa, sai a ɗan tsaga dodon kunne, a zuƙe ruwan, a dasa wani ƙaramin bututu da zai riƙa shigar da iska. Aikin mintuna ne, kuma bututun kan faɗo da kansa tsakanin wata 6 zuwa shekara ɗaya ko fiye kaɗan.

Hujin da ba shi da haɗari

Mafi yawan kunnuwan da ke tsiyaya shekara da shekaru huji ne da su a tsakiyar dodon kunne. Mugunyar tana da yawa, tana da yauƙi, ba ta cika wari ba, tana zuwa bayan mura ko bayan ruwa ya shiga kunne, sannan ta ɗauke. Irin wannan magani ake fara yi masa. Matakin farko tsabtacewa: likita ya zuƙe mugunyar da na'ura, ko a naɗe tsumma mai tsabta ko takardar goge hannu a yi siririn lagwani a riƙa tsane kunnen kafin kowane ɗigo. Mutane da yawa a nan suke kuskure, suna ɗiga magani a kan tafkin mugunya, maganin bai taɓa isa inda cutar take ba. Bayan an tsane, a kwanta kunnen na sama, a ɗiga, a danna ɗan guringuntsin da ke bakin kunne sau da yawa don maganin ya shige ta hujin, a zauna haka na minti 5. Ɗigon siprofloksasin ko dangoginsa shi aka fi so, saboda jentamaisin da niyomaisin na iya cutar da katantanwa idan suka ratsa hujin, musamman in an daɗe ana amfani da su. Kuma ruwa kada ya shiga: a shafa Vaseline a jikin auduga a toshe bakin kunne lokacin wanka, a cire bayan an gama.

Hujin da mari, tsinke ko ƙarar fashewa ya jawo, shi labarinsa daban. Galibi yana rufewa da kansa cikin makonni, in dai an bar shi a bushe ba a zuba masa komai ba. Sai ya wuce wata 3 bai rufe ba ake maganar aiki.

Aikin shi ne facin dodon kunne. Likitocin Jamus biyu, Wullstein da Zöllner, su suka kafa tsarinsa a shekarun 1950, kuma asalin dabarar bai canja sosai ba. Ana shiga ta ramin kunne da kyamara ko madubin tiyata, ko a tsaga bayan kunne idan hujin babba ne ko yana can gaba inda ba a gani sosai. Abin facin daga jikin mara lafiya ake ɗaukowa: ko tantanin da ya lulluɓe tsokar da ke saman kunne, ko yankin guringuntsin bakin kunne. Da farko ana kankare gefen hujin duka zagaye, domin fatar gefen ta riga ta warke ta daina girma, sai an mai da ita ɗanyen rauni za ta sake tafiya. Sannan a ɗaga dodon kunnen tare da ɗan fatar rami, a duba ƙasusuwan nan uku ko suna motsi, a cika ɗakin da soson jelatin mai narkewa, a shimfiɗa facin ta ƙarƙashin hujin, a mai da fata, a cusa wani soson ta waje. Ba ɗinki ke riƙe facin ba, soson ne ke tallafe shi har fatar mutum ta bi ta kansa ta haɗe. Aikin kan ɗauki awa 1 zuwa 2, kuma a hannun gwani kusan takwas zuwa tara cikin goma suna kamawa.

Waɗanda ba su kama ba, dalilansu sanannu ne. Hujin da ke gaba yakan bar facin ya zame ya faɗa ciki saboda babu isasshen gefen da zai riƙe shi. Ƙwayoyin cuta na iya narkar da shi a makonnin farko, shi ya sa likitoci da yawa suka fi son kunne ya yi makonni a bushe kafin aiki. Shan taba na rage jinin da ke ciyar da shi. Babban dalili kuma bututun bayan hanci: idan har yanzu ba ya aiki, sabon dodon kunnen zai lotsa ciki ko ya sake hujewa. Saboda wannan ne ake yawan jinkirta wa ƙananan yara har su kai shekara 7 ko 8, kuma a irin wannan kunne guringuntsi ya fi tantani ƙarko, duk da ya fi kauri.

Gwajin ji kafin aiki yana faɗin abin da za a tarar. Huji kaɗai ba ya cika rage ji fiye da desibel (ma'aunin ƙarfin sauti) 30 zuwa 40. In ragin ya kai 50 ko 60, a sa ran sarƙar ƙasusuwa ta katse, galibi a dogon hannun maƙera, wanda jini ba ya isarsa sosai. A nan sai a sassaƙa maƙerar a sake dasa ta, ko a sa ta roba ko ta ƙarfen taitaniyam, a raba ta da dodon kunne da ɗan guringuntsi don kada ta huda ta fito.

Wanda ba ya jin magani

Ɗaya nau'in shi ne kolestiyatoma, kuma shi ya cancanci a tsaya a kansa. Ba ciwon daji ba ne, fata ce da ta shiga inda bai kamata ba. Fatar dodon kunne da ta rami tana da wata ɗabi'a: kullum tana tafiya a hankali daga ciki zuwa waje, tana fitar da matattun ƙwayoyinta. Idan bututun bayan hanci ya daɗe a toshe, iskar ɗakin ta ragu, sai sashen sama na dodon kunne, wanda ya fi laushi, ya zuƙe ciki ya zama aljihu. Da zarar bakin aljihun ya ƙuntata, matacciyar fata ba ta da hanyar fita. Tana taruwa, aljihun na kumbura, ƙwayoyin cuta na zama a ciki, bangonsa kuma na sakin sinadaran da ke cinye ƙashi.

Alamarsa ba ta da hayaniya. Mugunya 'yar kaɗan ce amma mai ɗoyi ƙwarai, wani lokaci da jini, ɗigo na rage ta na kwanaki ta dawo. Likita kan ga ɓawo ko farin abu a can saman dodon kunne, ko jan tsiro ya leƙo daga wurin. Wannan tsiro kada kowa ya fizge shi, domin ba a san abin da jijiyarsa ta kama ba, wataƙila likkafa, wataƙila jijiyar fuska. Wani abin da ke yaudarar mutane shi ne jinsu na iya zama da sauƙi-sauƙi ko bayan maƙera ta cinye, saboda dunƙulen fatar ne ke kai sautin. Shi ya sa wasu bayan an yi musu aiki mai kyau sai jinsu ya ragu, kuma wajibi ne a gaya musu haka tun kafin su sa hannu.

Idan mai tsiyayar kunne ya fara jiri, ko gefen fuskarsa ya saki, ko bayan kunnensa ya kumbura ya turo kunnen gaba, ko ciwon kai mai tsanani da zazzaɓi da ƙagewar wuya suka zo, to wannan na asibiti ne a ranar. Ma'anarsa cutar ta huda sashen daidaito, ko ta taɓa jijiyar fuska, ko ta haura ta jawo sanƙarau ko ƙurji a ƙwaƙwalwa.

Maganinsa tiyata ce kawai. Ana ɗaukar hoton CT don ganin iyakar ɓarna da yadda ƙashin mutum yake, a sa shi barci, a tsaga bayan kunne, a riƙa fafe ƙashin da injin haƙa mai ƙananan kawuna, ruwa na zuba a kai don zafi kada ya ƙona jijiya. Kusa da jijiyar fuska akan koma kan lu'ulu'u mai goga maimakon mai yanka, kuma wurare da yawa na sa na'urar da ke ƙara idan an kusanci jijiyar. Dole a fitar da jakar gaba ɗaya, domin ɗan ɓurɓushi in ya saura zai sake tsirowa.

A nan likita ke yanke shawara mafi nauyi: ya bar bangon bayan ramin kunne ko ya rushe shi. In ya bari, kunne na zama yadda yake, yana warkewa da wuri, ana iya iyo, na'urar ƙara ji na zama daidai. Amma akwai lungunan da bangon ke ɓoyewa, don haka cutar ta fi dawowa, kuma sai an sake buɗewa bayan wata 9 zuwa 12 ko an riƙa bibiya da wani nau'in hoton MRI na musamman har shekaru. In ya rushe, rami da ƙashin baya sun zama kogo guda da ake gani daga waje. Dawowar cutar ta yi ƙasa, amma kogon ba ya tsabtace kansa, sai likita ya riƙa share shi duk wata 6 zuwa 12, mai yiwuwa har ƙarshen rayuwa, kuma ruwan sanyi in ya shiga yana kawo jiri. Kogon da ya ƙi bushewa kusan kullum ɗaya daga uku ne: an bar tudun da ke kan jijiyar fuska da tsawo, ko ba a faɗaɗa bakin kunne sosai ba, ko an bar wasu ramuka masu cuta. A ganina, ga mutumin da babu tabbacin zai dawo a sake duba shi, rushe bangon ya fi aminci, ko da bai fi kyau ba. Yau wasu na rushewa sannan su cike kogon da garin ƙashi ko guringuntsi, don a samu amfanin ɓangarorin biyu.

Jerin buri a wannan aiki a bayyane yake: na farko kunne ya daina zama haɗari, na biyu ya bushe, ji shi ne na uku, wani lokaci ma sai a aiki na biyu ake gyara shi.

Akwai tiyatar da ba ta da alaƙa da mugunya. A wasu mutane, mata sun fi yawa, sabon ƙashi kan tsiro ya daskarar da likkafa, ji ya riƙa raguwa a hankali alhali dodon kunne lafiya lau. John Shea na Amurka ne ya fara maye gurbin likkafa da roba a 1956. Yanzu ana huda gindinta rami na kusan rabin milimita, a sa ɗan sanda mai tsawon kusan milimita 4.5, a maƙala shi a maƙera. Sakamakon na da kyau ƙwarai, sai dai kusan mutum 1 cikin 100 kan rasa jin wannan kunne ɗungurungum, don haka ana fara da kunnen da ya fi lalacewa, kuma na'urar ƙara ji zaɓi ce ta gaskiya. Idan kuwa katantanwa ce ta mutu, sai dashen na'urar lantarki a cikinta, wadda ake kunnawa makonni kaɗan bayan aiki. Wanda sanƙarau ya kurmantar kada a yi masa jinkiri, domin katantanwar na iya cikewa da ƙashi cikin watanni har wayar ta kasa shiga.

Bayan kowane aikin kunnen tsakiya dokokin kusan ɗaya ne. Ba a fyace hanci na makonni, atishawa kuma a yi ta baki buɗe, don iska kada ta tunkuɗe facin. Ba ɗaukar kaya mai nauyi, ba yunƙuri, ba shiga jirgin sama sai likita ya yarda. Ruwa kada ya shiga. Kunnen zai yi ɗum, ana jin ƙas-ƙas a ciki, ɗan ruwa mai jini-jini na fita, duk wannan soson ne ke narkewa. Wasu kan ji ɗanɗanon ƙarfe a gefen harshe, saboda jijiyar ɗanɗano na ratsa bayan dodon kunne kuma akan ja ta a lokacin aiki. Galibi yana gyaruwa cikin watanni. Abin da ke sa a koma da gaggawa shi ne mugunya mai wari, ciwo da ke ƙaruwa, jiri mai tsanani, ji ya ɗauke farat ɗaya, ko fuska ta karkace. Gwajin ji na tantance sakamako kuwa sai bayan mako 6 zuwa wata 3 ake yin sa, lokacin da soson ya gama narkewa kuma kumburi ya sauka.