Ruwan kogi a aji uku

A garin Maiwurno na ƙasar Sudan nake koyarwa, bakin Kogin Nilu. Da damina ruwan kan zo jawur da laka daga tsaunukan Habasha. Ran Lahadi na dire bokiti gaban 'yan aji uku, na ce kowa ya nemo dabarar tace shi.

Wasu suka kwaso yashi da tsakuwa, wasu gawayi. Wata yarinya kuwa ta zo da 'ya'yan zogale, wai haka kakarta ke yi. Ta daka ta zuba, kafin tashi laka ta kwanta. Masu gawayi sun manta ba su wanke shi ba, nasu ya fito baƙi ƙirin.

"Malama, gobe mu sake?"

Na ce to. Tafasawa kafin sha dai, wannan ni na zaɓa musu.