Talata a Tawa, da jerin Auta

Zafi tun da sassafe. Kunu, sai shago.

Bayan azahar Auta ya shigo da kwamfutarsa, rai a ɓace. Aikin nan ne na 'yan albasar Galmi da yake rubutawa da OCaml, wani harshen rubuta shirin kwamfuta: kowane layi a fayil buhu ne da farashinsa. Ƙirgan layuka ya fito daidai, jimillar kuɗi kuwa sifili.

"Yaya, wallahi ban taɓa komai ba. Jeri guda ne, na ƙirga, sannan na tara."

Na jawo kujera na duba. Ashe In_channel.input_line, mai karanto layi ɗaya-ɗaya daga fayil, ya naɗe da Seq.of_dispenser, mai mayar da shi jeri. Na ce masa, Auta, abin da ke ƙarƙashin jerin nan gaba kawai yake yi, duk layin da ya miƙo ya tafi ke nan. Seq.length mai ƙirgawa ya bi fayil ɗin har ƙarshe, kafin Seq.fold_left mai tarawa ya iso ruwan tulun ya ƙare. Muka sa Seq.memoize, mai adana kowane layi a karon farko da aka nema, jimilla ta fito. Ya yi dariya, ya fita sayo mana lemo.

Ni fa ban yi dariya ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, jerin da ake iya maimaitawa da wanda ke ƙarewa a karatu ɗaya duk suna guda suke amsawa, Seq.t, kuma harshen da ke kama ƙananan kurakurai tun kafin shiri ya tashi, a nan bai ce uffan ba. Yaro ya amince da harshen, don an koya masa cewa jeri ba ya canzawa. Seq ya shigo ne a OCaml 4.07, shekarar 2018. Memoize da once sai a 4.14, a 2022. Clojure, wani harshen daban, tun asali adanawa yake yi, shi ya sa iterator-seq, irin nasa jerin, ba ya yin wannan halin. Amma adanawar ma da tsadarta: in ka riƙe kan jerin, fayil ɗin gaba ɗaya zai zauna a ƙwaƙwalwar na'ura, ga kwamfutar Auta tsohuwa.

Da ya dawo na ce, duk inda ba ya son adanawa ya sa Seq.once, mai hana a karanta jeri sau biyu. Gara shirin ya faɗi da kuskuren Forced_twice a gabanmu da a kai wa manomi lissafin ƙarya.

Wuta ta ɗauke da magariba. Inna ta yi tuwo da miyar kuka, ban ci da yawa ba.

Gobe in Allah ya kai mu zan nuna masa yadda zai ƙirga ya kuma tara a zagaye ɗaya, ba sai ya adana komai ba.