Kwangilar tsofaffin hotuna: sati shida ban kunna sikana ba

Shagona yana Agege, ba nisa da layin dogo, bana shekara 11 kenan. Da hoton fasfo da fotokofi da buga katin biki na fara, daga baya mutanenmu suka riƙa kawo min hotunan iyayensu na aikin Hajji da na aure wai a mayar musu cikin waya, sai na ga ashe nan ma akwai abinci. Na shiga Computer Village a Ikeja na sayo sikana Epson V600 ɗan tokumbo, yanzu haka mu huɗu ne, ni da yara biyu da ƙanwar maiɗakina da take riƙe mana lissafi.

Toh kwanaki wata tsohuwar kwaleji a nan Legas ta nemi wanda zai mayar mata da hotunan tarihinta cikin kwamfuta, wani kwastomana ya haɗa mu. Kun san garin nan akwai makarantun da suka girmi Najeriya kanta, CMS Grammar School tun 1859, Methodist Boys 1878, King's College 1909, alhali sai 1914 aka haɗe kudu da arewa. Tawa ba ɗaya daga cikin waɗannan ba ce, kuma sunanta zan bar shi a cikina.

Ranar da na je gaban kwamitinsu tambayar farko ita ce nawa nake karɓa kowane hoto. Nace hoton guda nawa ne? Sai aka hau kallon juna. Wani yace za su kai dubu biyu, wata tace ina, sun fi haka nesa. Nace to ni dai ba na cinikin biri a sama, a kai ni in gani.

Madam mai kula da laburare ta buɗe min wani ɗan ɗaki a ƙasan bene, wallahi tun daga bakin ƙofa wani wari mai tsami ya dake ni kamar an zubar da binega. Duk wanda ya san fim ya san warin nan. Nagatif ne irin na asitet, in danshi da zafi suka daɗe a kansa sai ya fara sakin tsami, ya motse, ya yi yamutsi kamar fatar tsohuwa, kuma tururin nasa yana kama na kusa da shi. In ya fara ba ya komawa baya, sai dai ka rage masa gudu da sanyi. Akwai ma wanda ya fi shi haɗari, fim ɗin naitiret da aka yi ta amfani da shi har wajen 1950, shi wuta yake kamawa kamar fetur, ruwa ma ba ya kashe ta da sauƙi. Shi ya sa abin da na fara yi kafin maganar kuɗi shi ne na roƙi a fitar da gwangwanayen nagatif daga cikin takardu a ware musu waje daban.

Sauran kuma ga su nan a kwali 17. Danshin Legas ba ya barin takarda, damina ta zo bango ma gumi yake. Wasu hotunan hunhuna ta ci fuskokin, wasu gara ta yi hanya ta tsakiyarsu, na cikin firem sun manne da gilashi, kilif ya yi tsatsa ya bar tabo, wani bawan Allah kuma shekarun baya ya bi su da salatif yana ganin gyara yake. Yarona ya kai hannu zai ɓamɓare wani daga gilashi, nace kai kul, in ka ja fuskar mutanen gilashin za ta bi, da gilashin nasa za mu ɗauka. Yace Oga to yaushe za mu fara sikanin? Nace ba yanzu ba.

Sati shida muka yi muna ƙirga da jerawa kawai, da safar hannu da takunkumi saboda hunhunar. Kowane hoto mun ba shi lamba, lambar kwali da ta ambulan da tasa, da fensir mai laushi a baya, biro haram ne don tawada tana ratsowa. Ba mu wargaza tsarin da muka tarar ba, domin in ka ga hoto 30 a ambulan ɗaya to akwai dalilin da ya haɗa su ko da ba ka san shi ba tukuna. Sannan na ɗauki kwali ɗaya na gwada da agogo, goge ƙura, ɗorawa, duba kala, cike bayani a Excel, daga nan ne na san abin da za mu iya yi a wuni, da shi na yi musu farashi. Da na yanke tun ranar farko da kwangilar ta cinye min jari.

Inda muka ɗan ja da su wajen wane za a fara ne. Su suna son na manyan baƙi, gwamna yana yanka zare, don littafin bikin cikar shekarunsu. Ni kuma nace waɗannan lafiyarsu ƙalau za su jira, mai ciwo ake fara kai wa likita, nagatif masu warin nan su ne farko. Muka raba, na ɗauko musu guda 40 na littafi, sauran aka bi nawa tsarin.

Wani ɗan kwamiti ma cewa ya yi ai wayarsa za ta ɗauka kyauta. Ban yi musu ba, na ɗauki hoton ɗalibai na sahu biyar da sikana a 600 dpi, wato ɗigo 600 a kowane inci na hoton, shi ma ya ɗauka da waya ya turo ta WhatsApp, muka buɗe a kwamfuta muka zuƙo fuskar yaron da ke can sahun baya. A nawa har bajon aljihunsa ana karantawa, nasa kuwa kamar an shafa koko. Amma ingancin yana da nauyi fa, hoto mai inci 8 da 10 a 600 dpi mai kala, in ka ajiye shi a irin fayil ɗin da ake kira TIFF ba matsewa, yana cin wajen megabait 86, guda dubu kenan gigabait 86. Nagatif ƙarami na 35mm kuma sai ka kai 2400 dpi ko sama kafin ya yi amfani. Don haka TIFF shi ne uwa, ba a taɓa shi, ba a yi masa kwalliya, JPEG, wato matsattsen kwafi mara nauyi, ake cirewa daga jikinsa a raba wa jama'a. Kwafi uku na rubuta musu, faifan ajiya biyu a gini daban-daban, na uku a intanet. Na kuma sa kuɗin inbata a lissafi, don in NEPA ta ɗauke ana tsakiyar kwafi fayil lalacewa yake, janareton makarantar kuma ba a kunna shi don mutum ɗaya.

Abin da ya fi damuna dai sunaye. Yawancin hotunan ba rubutu a bayansu sai hatimin situdiyon da ya wanke. Akwai wani na ɗalibai riƙe da ƙananan tutoci, nace ko bikin 'yancin kai ne na 1 ga Oktoban 1960 a Race Course, inda yanzu ake kira dandalin Tafawa Balewa, ko kuwa zuwan Sarauniyar Ingila ne a 1956, tutar ba ta fito sosai ba. A Excel na sa alamar tambaya, ban yarda in rubuta zato a matsayin tabbas ba, don gobe wani zai kwafa ya sa a littafi.

Madam ce ta ba da shawara a nemo tsofaffin ɗalibai. Aka kawo wani dattijo ya haura 80, jikarsa na riƙe da hannunsa, na buɗe masa hoton a babban allo na zuƙo. Ya yi shiru can, sai ya fara nuna su da sandarsa ɗaya bayan ɗaya, wannan ya zama likita, wannan ya rasu a yaƙin basasa, wannan ɓarawon naman kicin ne, yana dariya yana share ido. Nace Baba a hankali yarona yana rubutawa. Tutar ma ya warware mana, yace ta Ingila ce, wato zuwan Sarauniya ne, shi yana aji ɗaya lokacin. Hoto 9 kacal muka samu yi ya gaji, jikar tace sai dai wata Asabar ɗin in jikin ya bari. Na sa an buga masa guda 20 manya ya tafi da su gida da fensir, na kuma roƙi kwamiti su samo min lambar sauran 'yan ajinsu kafin mu gama da nagatif.