Wasiƙa daga Manchesta: kanumfari, yatsa da fitila

Assalamu alaikum 'yan uwana na gida. Ina gaishe ku daga nan Ingila, inda nake ƙaro ilimin likitanci a sashen ƙwaƙwalwa da jijiyoyi.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne Baffana. Shekara biyu yana karo da gefen ƙofa, yana ture buta ba tare da ya gan ta ba, mu kuma muna cewa tsufa ne. An kai shi wani asibiti, ya karanta haruffan allo tsaf, aka ba shi tabarau aka sallame shi. Ba wanda ya gwada ganinsa na gefe. Da aka gano hawan jinin ido ne, wato gilakoma, idon dama ya riga ya tafi. Har yau abin yana ci mini rai, don gwajin da aka tsallake bai kai minti uku ba.

Jijiyoyi 12 ne, kowace dama da hagu, suke fita kai tsaye daga ƙwaƙwalwa. Ta farko ita ce ta jin ƙanshi, ta biyu ta gani, kuma yadda ake gwada waɗannan biyun zan bayyana muku. Don gwada ta farko, mara lafiya ya rufe ido, ya toshe hanci ɗaya, a kawo masa kanumfari ko gahawa ko sabulu, sannan a juya ɗaya hancin. Ba a amfani da abu mai hawa kai kamar amoniya, saboda wata jijiya daban, ta biyar, ita ke jin raɗaɗinsa, sai a zaci hanci lafiya lau. Mura ce ta fi toshe ƙanshi, korona ma ta nuna mana haka a 2020. Amma ɗan acaɓan da ya bugu a kai, daga baya ya ce miya ba ta da ɗanɗano, mai yiwuwa siraran zaren jijiyar ne suka tsinke a inda suke ratsa ƙashin saman hanci. Irin wannan ba zai ji warin gas ko abincin da ya lalace ba, dole iyalinsa su sani. A cutar Fakinsin mai sa karkarwa kuwa, ƙanshi kan ɓace shekaru kafin hannu ya fara rawa.

Gani ya fi faɗi. Akwai allon haruffan da likita ɗan Holan, Herman Snellen, ya ƙirƙira a 1862, ana tsayawa mita 6 daga gare shi, ido ɗaya bayan ɗaya. Wanda bai yi boko ba akwai allon harafin E, ya nuna da hannu inda ƙafafunsa suka fuskanta. Sai dai allon tsakiyar gani kawai yake aunawa, nan aka yi kuskure da Baffa. Na gefe kuwa likita zai zauna gaba da gaba da kai, ka rufe ido ɗaya ka kafe ɗayan a kan nasa, ya kawo yatsa daga sama, ƙasa, dama da hagu, ka faɗi lokacin da ka hango shi. Gilakoma daga gefe take fara ci, shiru ba ciwo, kuma ta fi yawa a cikinmu baƙar fata. Idan ganin ɓangaren waje na idanu biyun ne ya tafi, ana zargin ƙari a ƙasan ƙwaƙwalwa yana danna mahaɗar jijiyoyin. Daga nan a haska fitila a ga ko ƙwayar ido ta tsuke, a leƙa bayan ido da na'ura ko kan jijiyar ya kumbura.

Masu shan maganin tarin fuka, ku kula: ɗaya daga cikinsu, etambutol, yana iya taɓa jijiyar gani, ja da kore su fara rikice muku. Da kun ga haka ku koma wurin likita a ranar.

Roƙona gare ku, wanda ya haura 40, musamman in akwai makanta a danginsa, ya je a auna ƙarfin ruwan idonsa, a duba jijiyar, a gwada ganin gefe. Akwai Asibitin Ido na Ƙasa a Kaduna, akwai na ECWA a Kano. 'Ya'yan Baffa maza uku sun riga sun je, saura ƙannensu mata, kuma na sa Yaya ta kai su bayan sallah.

A gaida kowa da kowa.

Ɗan uwanku a Manchesta