Kwana Biyar a Kigali

Na dawo daga Kigali, babban birnin Ruwanda, inda na halarci taron ƙasa da ƙasa kan binciken cutar ƙanjamau da aka yi daga 13 zuwa 17 ga Yuli, 2025, kuma har yanzu zuciyata tana can. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne 'yan acaɓa, domin kowannensu yana ɗauke da hular kwano ta biyu, kuma ba zai motsa ba sai fasinja ya saka, abin da a wurinmu sai an kai ruwa rana.

A rana ta biyu Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar amfani da allurar lenacapavir, wadda ake yi sau biyu a shekara domin kariya daga ƙwayar cutar. A gwajin da aka yi a Afirka ta Kudu da Yuganda, cikin mata sama da 2,000 da aka yi wa ita babu ko ɗaya da ta kamu. Na tuna matan da suke zuwa asibitinmu a ɓoye, waɗanda shan ƙwayar maganin kariya kullum yake tona musu asiri a gida, sai na ji ƙwalla ta cika mini ido.

Amma da aka zo maganar kuɗi, murna ta koma ciki. Allurar a Amurka ta haura dala 28,000 a shekara, kuma alƙawarin samar da ita da Asusun Duniya na yaƙi da ƙanjamau, tarin fuka da zazzaɓin cizon sauro ya yi a lokacin bai wuce mutum miliyan biyu cikin shekara uku ba. Ga shi a Janairun 2025 Amurka ta dakatar da tallafin ƙasashen waje, abin da ya girgiza PEPFAR, shirinta na yaƙi da ƙanjamau a duniya da aka kafa a 2003. A ganina rashin adalci ne a gwada magani a jikin matan Afirka, sannan su koma jiran sadaka kafin su same shi.

Wata ma'aikaciyar jinya da muka zauna kusa ta ɗauke ni zuwa ƙaramin asibitin da take aiki. Ta nuna mini ɗan abin gwaji guda da yake gano ƙanjamau da tunjere a lokaci ɗaya daga ɗigon jinin yatsar mai juna biyu. Ta ce, “'Yar'uwa, tunjere allurar fenisilin ke warkar da shi, amma idan ba a gwada uwa ba, sai ya kashe jariri a ciki.” Na ji kunya, domin mu sau da yawa ƙanjamau kaɗai muke dubawa, ciwon sanyi irin su tunjere kuwa sai ya yi tsanani ake tunawa da shi. Ta ƙi yarda in biya kuɗin motar da ta mayar da ni masauki.

Sauran kwanakin sun tafi a zauren taro. Ranar dawowa jirgi ya yi jinkiri, na zauna ina rubuta abin da zan gabatar wa shugabanninmu kan gwajin masu juna biyu.