Rana ta uku da ragi

Laraba, ƙarfe goma da rabi na dare.

Ƙarfe uku da 'yan mintuna na farka, kuma ba diddigen ne ya tashe ni ba. Da shi ne da na gane, don shekara ɗaya da wata biyu ke nan muna tare, na san yadda yake sallama. Wannan wani abu ne daban. Ƙafafuwana biyu suka ƙi zama wuri ɗaya, kamar tururuwa na yawo a cikin ɓargo. In miƙe su, in naɗe, in juya hagu, in juya dama. Ga hamma, ɗaya na bin ɗaya har muƙamuƙi ya gaji. Hawaye na zuba ba kuka nake ba, hanci na yoyo ba mura nake ba. Rigata ta jiƙe sharkaf da gumi, amma tsikar jikina a tashe take kamar wanda aka watsa wa ruwan sanyi. Likita ta faɗa min duk wannan tun ranar Litinin, har ta ce kwana na biyu da na uku su ne masu wuya. Na ce mata to. Ashe jin kunne nake yi.

Shekaranjiya aka rage min tiramadol daga miligiram 200 zuwa 150 a rana. Kafso huɗu sun koma uku. Kafso ɗaya tak, ɗan abin da bai kai gaɓar ƙaramin yatsa ba, shi ya hana ƙato kamata barci.

Ina zaune a bakin gado ina murza sharaɓa sai na ji Maman Ummi ta ce, ba ta ma buɗe ido ba, "Abban Ummi, sai bakwai fa."

Na ce, "Ai ban ce komai ba."

Ta ce, "Na ji ka tun kafin ka ce."

Maganin yana hannunta tun watan jiya, ni da kaina na roƙe ta ta riƙe. A lokacin na ɗauka na yi abin kai. Da uku na dare kuwa sai na ji haushin mutumin da ya yanke wannan shawara da rana tsaka, cikinsa a natse, bai tuna da ni ba.

Bari in rubuta yadda aka faro, don na lura kwanan nan ina gyara labarin a raina yadda zai wanke ni. Daga kan tsani na faɗo ina jan waya a silin, na sauka a kan diddigen dama da dukan nauyina. Ƙashin ya tarwatse, gaɓa ɗaya ta ƙashin baya ta tsage. Aka yi min aiki, aka sa ƙarfe da kusoshi. Daren farko bayan aikin ban san akwai irin wannan azaba a duniya ba. Nas ta zo ta ɗura min mofin ta jijiya, cikin 'yan mintuna na ji kamar an sauke min dutse daga kirji. Ciwon yana nan, ina jin sa, amma ya koma can nesa kamar hayaniyar maƙwabta. Duk wanda ya zagi wannan magani gaba ɗaya bai taɓa kwana da karyayyen ƙashi ba. Daga baya na karanta cewa wani matashi Bajamushe mai haɗa magani, Friedrich Sertürner, shi ya fara tace shi daga opiyam wajen 1804, ya raɗa masa suna daga gunkin mafarki na Girkawa. Ya iya raɗa suna.

Da aka sallame ni aka rubuta min tiramadol na sati biyu. Sati biyun ne ya zama wata goma sha huɗu. Ba zan ɗora wa kowa shi kaɗai ba. Duk zuwan da na yi asibiti layi ne mai tsawo, likitan da na gani wancan karon ba shi zan gani wannan karon ba, a tambaye ni yaya ciwo, in ce yana nan, a sake rubutawa. Ban yi ƙarya ba, yana nan ɗin. Abin da ban faɗa ba shi ne na daina tambayar kaina ko ciwon ya tashi, na koma tambayar ƙarfe nawa. Tun saura awa guda idona na kan agogo. Kafso biyu suka daina isa, aka ƙara, har na kai miligiram 300 a rana, alhali iyakar da ake yarda babba ya sha 400 ce, sama da haka ana tsoron jijjiga irin ta farfaɗiya. Ban taɓa saya a bayan fage ba, ban taɓa zuwa wurin likita biyu ba, kuma da wannan nake rarrashin kaina. 'Yan ƙwaya wasu ne, ni mara lafiya ne mai takarda.

Bakwai daidai ta kawo min kafson safe da kofin ruwa. Kafin takwas ƙafafu sun lafa, hanci ya bushe, na koma mutum. Wannan saurin dawowar shi ya fi ba ni tsoro.

Abu ɗaya mai daɗi da zan rubuta, ko da ba na faɗa a gaban mutane ba ne: bayan gida ya fara sauƙi. Jiki yana sabawa da kusan komai na wannan magani, jiri ya tafi, tashin zuciya ya tafi, amma taurin ciki ba ya tafiya. Wata goma sha huɗu ina shiga bandaki kamar mai zuwa fagen dambe.

Ƙarfe goma ina ɗakin gashi. Yaron da yake min gashin ƙashi ya sa ni tsayawa a kan ƙafa ɗaya ina riƙe da ƙarfen bango, ya ce, "Yallaɓai, daƙiƙa ashirin kawai." Na yi goma sha huɗu. Makon jiya tara na yi. Ya rubuta, bai yaba ba, bai kushe ba, ni ma haka na fi so.

Da na fito na leƙa wurin likitata, wadda ita ce ta farko da ta taɓa zama ta lissafa watannin a gabana. Ta dubi idona, ta dubi hannuna, ta ce, "Daren jiya fa?" Na kwashe duka na faɗa mata, har da tsawar da na daka wa Ummi jiya don kawai ta zubar da ruwa, da kuma wani abu mai kama da wutar lantarki da ke gilmawa a kaina in na juya ido da sauri. Ta ce wannan halin tiramadol ne. Ba aikin dangin mofin kaɗai yake yi ba, yana taɓa sinadaran ƙwaƙwalwa irin waɗanda magungunan damuwa ke taɓawa, shi ya sa mai rage shi yake fama da abu biyu a lokaci guda, ciwon jiki da ƙuncin rai.

Sai na yi tambayar da nake ta kewayewa tun watan jiya. Na ce, "Likita, don Allah ki faɗa min gaskiya, na zama ɗan ƙwaya ne?"

Ba ta yi saurin cewa a'a ba, kuma na gode mata da hakan. Ta ce duk wanda ya sha irin wannan magani kullum na makonni, jikinsa zai saba, in an janye sai ya yi tawaye, ko waliyyi ne. Wannan sabon jiki ne. Jaraba kuwa ita ce mutum ya ga abin yana rushe masa gida da aiki, ya kasa tsayawa, ya fara ɓoyewa, ya fara ƙarya. Ta ce, "Na farkon kana da shi, babu tantama. Na biyun kai za ka fi ni sani." Na yi shiru. Kalmar ɓoyewa ta tsaya min a wuya, ban san dalili ba sai da yamma.

Ta ba ni labarin wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2018, mutum 240 masu daɗaɗɗen ciwon baya ko na gwiwa ko na ƙugu, aka raba su biyu, aka bi su shekara guda. Waɗanda aka ba dangin mofin ba su fi waɗanda aka ba wasu magungunan ciwo iya harkokinsu ba, illolin magani ma sun fi yawa a wurinsu. Na ce to me ya sa ba za a yanke min shi gaba ɗaya in huta ba, in sha wuyar sati ɗaya a wuce wurin? Ta ce kada in kuskura. A can ma, bayan ƙa'idojin rubuta irin waɗannan magunguna da aka fitar a 2016, an yi ta katse wa mutane magani da gaggawa, wasu suka shiga mawuyacin hali, wasu suka koma neman na kan titi inda fentanil, wani ɗan dangin mofin mai tsananin ƙarfi, ke kashe mutane, har sai da aka sake rubuta ƙa'idojin a 2022. Ta ce zan zauna a 150 sai jikina ya natsu, ko da zai ɗauki wata guda, kuma matakan ƙarshe za su fi waɗannan ƙanƙanta. Parasitamol a kan lokaci, kada ya wuce giram huɗu a rana. Maganin barci kuwa kada in karɓa a hannun kowa, don haɗa shi da wannan yana iya danne numfashi.

A kan bencin jira na zauna kusa da wata dattijuwa da 'yarta. Ta ga sandata ta ce, "Sannu ɗana, ƙafa ce?" Na ce ƙafa ce, Mama. Ita cutar daji ce ta kai mata ga ƙashi. 'Yar tana riƙe da kwalbar mofin na ruwa a cikin jaka, ta rungume jakar a ƙirji. Dattijuwar ta ce kafin a fara ba ta shi ta yi wata biyu ba ta san barcin awa biyu a jere ba, yanzu har jikokinta tana iya zama da su. Na fito ina ta juya abin a raina. Dangin maganin da nake fafutukar rabuwa da shi, ita addu'arta kada ya yanke. Kuma akwai irinta da yawa a duniya da ba sa samun ko cokali ɗaya.

Da yamma sanyi ya ɗan sauko, na ɗauko wata tsohuwar jaket da na daɗe ban sa ba. Ina zura hannu a aljihun ciki na ji shi. Tun kafin in fito da shi na san ko mene ne, yatsuna sun haddace shi. Kafso ɗaya, rabi kore rabi rawaya, an yanko shi da almakashi daga jikin katinsa, gefen ledar ya lanƙwashe, ƙurar aljihu ta manne masa. Ni na ajiye shi. Na tuna ma ranar, wata shida ko bakwai da suka wuce, na ce saboda ko-ta-kwana.

Ƙarfe biyar da kwata ne. Na rana na sha shi tun biyu, na dare sai goma, hamma kuwa ta riga ta fara dawowa. Na zauna a bakin gado da shi a tafin hannu. Ban san kaina da iya kawo hujja haka ba. Kwana uku da suka wuce ai huɗu nake sha, kuma da izinin likita. Wannan ba ya cikin lissafin Maman Ummi, ba wanda zai ƙirga ya ga babu. In na yi barci yau, gobe zan fi ƙarfin jurewa. Na tsaya daƙiƙa goma sha huɗu a ƙafa ɗaya, ai na cancanci wani abu. Kowace hujja da muryata take zuwa, a natse, cikin hankali. Har na sa farce a jikin ledar.

Sai Ummi ta turo ƙofa ta shigo, ta haye cinyata, ta zura hannu a aljihun jaket ɗin kamar yadda take yi wa duk rigar da na sa, tana neman abin da na kawo mata. Aljihun da na ciro shi minti goma da suka wuce. Shekararta huɗu. Abu ne mai launi, mai kama da abin tsotsa. Wannan magani ko likita ba ya rubuta wa yaro ƙasa da shekara goma sha biyu, ƙwaya ɗaya tana iya kai ƙaramin yaro asibiti. Na damƙe hannuna har ledar ta soke ni. Ba ƙarfin hali ne ya hana ni sha ba, kada in yi wa kaina ƙarya a nan ma. Tsoro ne.

Na same ta tana ninke kaya, na buɗe hannu na ajiye mata a kan tebur. Ta daɗe tana kallonsa. Na zaci za ta yi faɗa, ko ta yi kuka, na ma shirya amsar kowanne. Sai ta ɗauka ta sa a cikin akwatin da take kullewa, ta ce za ta mayar wa masu ba da magani in mun koma asibiti. Sannan ta juyo.

"Abban Ummi, akwai wasu?"

Na ce babu. Ta ci gaba da ninke kayanta. Na kai bakin ƙofa na tsaya, na dawo.

Akwai biyu a akwatin kayan aiki, ƙarƙashin tef. Akwai ɗaya a mota. Tare muka je muka ɗauko, ita da fitilar waya, ni da sanda.

Na sha na dare ƙarfe goma. Yanzu diddigen yana bugawa kaɗan-kaɗan, irin nasa na kullum, in za a tambaye ni daga ɗaya zuwa goma zan ce huɗu. Ina shan miligiram 300 ma huɗun nake cewa. Ta ajiye min busasshiyar riga a kan kujera saboda ƙarfe uku.